Lambar Motar da ke Hoton Baba

Shekara goma sha bakwai Auta ta yi tana karanta burin mutane a cikin layi uku. A ofishin ba da lambar mota, tebur na huɗu daga ƙofa shi ne nata. Duk wanda ya raina lambar da kwamfuta ta zaɓa masa, yake son a buga masa tasa ta musamman, dole fom ɗinsa ya bi ta gabanta. A ƙasan fom ɗin akwai wani ɗan akwati mai layi uku, an rubuta a samansa: ma'anar lambar da ka zaɓa. Aikinta ta karanta, ta tabbatar ba zagi ba ne, ta duba ko wani ya riga ɗauka, sannan ta danna hatimi.

Ta wannan akwati ta san maza fiye da yadda matansu suka san su. BABBA 1 ta tafi tun kafin a ɗauke ta aiki, amma hakan bai sanyaya wa kowa gwiwa ba. An kai BABBA 46, kuma shi ma na arba'in da shidan da ya zo karɓar tasa, hanci a sama ya shigo. Wata mata ta nemi NA WARKE, ta rubuta a akwatin: daga mijina na farko. Wani dattijo ya nemi 44, ya ce lambar takalminsa ce, ita kaɗai ce ba ta taɓa juya masa baya ba. Auta takan buga hatimi fuska a ɗaure, sai ta koma gida ta kwashe labarin ta ba mijinta, su yi ta dariya har yara su leƙo.

Dariyar ta ƙare ne a watan da hukuma ta sanar cewa tsofaffin lambobi, waɗanda motocinsu suka daɗe da zama ƙarfen awo, yanzu kowa zai iya nemansu a matsayin lamba ta musamman.

A falon mahaifiyarsu, saman talabijin, akwai hoton marigayi Baba yana saurayi. Yana tsaye jikin wata doguwar farar mota, hannu ɗaya a kan bonet, ƙafa ɗaya a kan bamba, ga lambar nan raɗau a ƙasan takalminsa: WL 7140. A ƙarƙashin hoton nan su uku, Auta da yayyenta, suka girma. A cikinsu babu wanda ya taɓa ganin motar da idonsa. Baban da suka sani mai karanta mita ne na hukumar ruwa, kuma in an tambaye shi motar sai ya yi murmushi ya ce, "Ai wannan mota ta ga mutane." Daga nan ba ya ƙara komai. Sauran labarin 'ya'yan ne suka cike da kansu, kuma sun cike shi da kyau.

Yayyen Auta biyu ne. Yaya Babba yana sayar da tayil da kayan banɗaki, Yaya Likita kuwa likitan haƙori ne. Shekara biyu ce tsakaninsu, kuma tun suna yara babu abin da ba su auna ba: tsayi, maki, yawan naman da ya faɗo a kwanon kowa. Bana kowannensu ya sayi sabuwar mota, ta Likita ta fi tsada, ta Babba ta fi girma, har yau ba a yanke wanda ya ci ba.

Ranar wata Asabar duk suka haɗu a gidan Mama. Auta na wanke kofuna a kicin, Yaya Babba ya shigo ya cusa mata ambulan a jaka.

"Ki shigar min da wannan ranar Litinin. Ba sai na zo ba ko?"

"Yaya, ai akwai layi."

"Layi na waɗanda ba su da ƙanwa a ofishin ne."

Da za ta tafi, tana fama da ƙofar tsohuwar motarta wadda sai an ɗaga ta sama take buɗuwa, sai ga Yaya Likita da nasa ambulan. Shi ma maganar ɗaya ce, har da batun layin, kamar tare suka haddace.

Ranar Litinin ta buɗe su a kan teburinta. Na farko WL 7140. Na biyu WL 7140. Yaya Babba ya rubuta cewa motar mahaifinsa ce, shi ne ɗan fari, kuma darajar gida a wuyan ɗan fari take. Layi ukun bai ishe shi ba, sai da ya gangara gefen takardar. Yaya Likita ya rubuta cewa a cikin wannan mota Baba ya ɗauko shi daga asibiti ranar da aka haife shi, kuma bai taɓa mantawa ba. Auta ta karanta sau biyu, ta jinjina wa ƙwaƙwalwar jaririn kwana ɗaya.

Dokar ofis a fili take: lamba ɗaya, mutum ɗaya, kuma wanda fom ɗinsa ya fara shiga rajista a taga shi ke da ita. Da sun bi layi, da agogon taga ya raba gardama. To ba su bi ba. Fom ɗin da hannun Auta ya fara miƙawa shi ne na farko, ke nan duk abin ya dawo kanta.

Ta yi abin da ta ga ya fi sauƙi, wanda daga baya ta gane shi ne mafi wauta: ta kira su ɗaya bayan ɗaya, ta roƙi kowa ya haƙura ya bar wa ɗan'uwansa.

"Shi ma ya nema?" in ji Yaya Babba. "Auta, ni na goya ki. In kika ba yaron nan lambar ubana, ba ni ba ke."

Yaron nan shekararsa arba'in da takwas, har ya fara sanƙo. Shi kuma da ta kira shi, cikin muryar da yake lallashin masu tsoron allura ya ce, "Ba zan matsa miki ba. Amma ki sani, komai na gidan nan shi ake fara ba. In wannan ma kika ba shi, na san matsayina a wurinki, sai kowa ya kama gabansa."

Kafin mako ya zagayo gida ya rabe biyu. Yaya Babba ya fice daga zauren iyali na waya, aka mayar da shi, ya sake ficewa. Matar Likita ta aiko da injin markaɗen da ta ara wurin matar Babba tun bara, a wanke tas, ba ko saƙon gaisuwa. Likita yana tsakiyar gyaran banɗakinsa tayil ya ƙare, ya gwammace ya sayo a wani shago, rabin bango ya fito ruwan toka, rabi kalar ƙasa. Shi kuwa Yaya Babba haƙorin gefe ya tasa shi gaba, kumatu ya kumbura har ido ya fara ƙanƙancewa, amma ya rantse ko bakin zai faɗi ƙasa ba zai buɗe shi a gaban ƙanensa ba. Zuwa gidan Mama ma suka raba: ɗaya da safe, ɗaya da yamma.

Abin dariya ne ga na waje. Auta kam tsoro ne ya kama ta sosai. Ta san yayyenta, ta san in suka ce sun daina to sun daina, kuma tun rasuwar Baba su biyun nan su ne bangonta. Duk wanda ta ba, ɗayan ta rasa shi. Ta jefa fom biyun a aljihun tebur ta kulle, kullum da safe ta buɗe ta kalle su ta sake rufewa, har mako uku.

Dogo, abokin aikinta na tebur na biyar, ya ce, "Ki jefa kwabo mana."

"In kwabon ya faɗi, kai za ka je ka gaya wa wanda ya rasa?"

Dogo ya koma kan aikinsa.

Ranar Laraba ta mako na huɗu, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, aka miƙo mata fom daga taga, da lambar rajista da lokaci a kusurwarsa. WL 7140. Sai da ta cire tabarau ta goge ta mayar. Mai fom ɗin wata mata ce mai kimanin shekarunta, malamar makaranta, ta zauna a kujerar gaban tebur tana rungume da jaka a cinya. A akwatin layi uku ta rubuta kalma biyu kawai: motar babana.

"Na zo da hoto, ko za a buƙata," in ji matar.

Ba a buƙatar hoto, amma Auta ta miƙa hannu. Doguwar farar mota ce, ita ce dai, har da ɗan lanƙwasar da ke jikin bambar. Hannu ɗaya a kan bonet, ƙafa ɗaya a kan bamba. Sai dai mutumin gajere ne mai ƙiba, da gashin baki, kuma bai haɗa komai da Baba ba in ban da tsayuwar.

"Kin taɓa shiga motar?" Auta ta tambaya.

"A'a, an sayar kafin a haife ni. Amma kullum yana cewa babu irinta a lokacin." Matar ta shafa gefen hoton da yatsa. "Wata biyar ke nan da rasuwarsa."

Auta ta dubi aljihun teburin da ke kulle, ta dubi lokacin da aka buga a kusurwar fom ɗin matar. Wannan ta bi layi tun ƙarfe takwas. Na yayyenta kuwa, a wurin doka, ko wanzuwa ba su yi ba. Ta ɗauki hatimi ta danna, tana sane da cewa yanzu ba yaya ɗaya ta saka a caca ba, duka biyun ne.

"Allah ya jiƙan babanki," ta ce. "Mota ce mai kyau."

Ana tashi daga aiki ta wuce gidan Mama. Ta same ta a falo tana jera magungunanta na mako a cikin ɗan akwatin roba. Auta ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, ta nuna mata hoton baban malamar da ta ɗauka a waya. Mama ta kawo wayar kusa da ido, ta nisanta ta, ta ɗaga kai ta dubi hoton saman talabijin. Sai dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har tari ya sarƙe ta, Auta ta tashi ta kawo ruwa.

"Wannan ma ya fi ubanku iya ɗora ƙafa," in ji Mama.

"Mama, motar wane ne?"

"Ta mai hoto ce. A ƙofar shagonsa take, ko inji babu a cikinta, kaji ne ke kwana a kujerar baya. Duk saurayin da ke neman aure a lokacin sai ya je ya tsaya a jikinta. Ubanku ya aiko min da hoton, bayan kwana biyu ya zo da kansa a kan keke, ya ɗaure ƙafar wando da roba."

"Kin san haka, kika bar su suna neman cinye juna?"

"Wa ya tambaye ni? Ɗaya ya zo da safe ya yi min wa'azi a kan ɗan fari, ɗaya ya zo da yamma ya yi min ƙorafi. Wai har ya tuna ranar da aka ɗauko shi daga asibiti. A ƙafa muka dawo, maƙwabciya ce ta riƙo shi." Ta kurɓi ruwa. "Kuma ubanku yana jin daɗin yadda kuke kallon hoton nan. Ban ga dalilin da zan ƙwace masa ba."

Ta sa Auta ta ɗauko mata gwangwanin biskit da ke saman kabad, wanda yake cike da maɓallai da zare da makullan da ba a san ƙofarsu ba. Ta tona har ƙasa, ta fito da wani ɗan guntun gwangwani mai faɗin tafin hannun yaro, da huda biyu, fentinsa ya kusa gogewa. An buga masa 318.

"Lambar kekensa ce, lokacin da ake yi wa keke lasisi. In lambar ubanku ake nema, ga ta. A kan keken nan ya kai ku makaranta shekara da shekaru, ku uku. Ke a sandar gaba, ya ɗaura miki matashi, su biyu a baya, ƙaramin ya riƙe rigar babban."

Auta ta tuna. Ta tuna warin man keke a hannun Baba, da haɓarsa tana taɓa tsakiyar kanta in ya taka hawa. Ta kuma tuna cewa yayyenta a kwanar shagon mai faci suke sa shi ya sauke su, don kada abokansu su ga ɗan mai farar mota a bayan keke. Baba bai taɓa musa musu ba, yakan tsaya su sauka, ya gyara musu kwalar riga. Ita kaɗai yake kaiwa har bakin get. Kewar Baba ta taso mata irin wadda ba ta ji ba tun ranar da aka fita da shi, ta kifa kai a gwiwar Mama ta yi kukanta.

Washegari ƙarfe bakwai da rabi Auta tana ƙofar ofishinsu, ba ta ƙofar ma'aikata ba, ta gaba. Mai gadi ya buɗe mata hanya, ta ce a'a, yau layi za ta bi. Ita ce ta tara. Ta miƙa fom a taga, aka buga masa lokaci, ya tafi teburin Dogo tunda ba a yarda mutum ya yi wa kansa hatimi ba. Dogo ya duba, babu wanda ya taɓa neman 318. Ya karanta akwatin layi uku, ya ɗago ya kalle ta, bai yi tsokanar da ya saba ba, ya danna hatimi.

Ranar Juma'a da yamma, bayan an ɗaura mata sabuwar lamba, ta mayar da Yaya Babba zauren iyali, ta tura hotuna biyu a ciki, na Baba da na baban malamar, gefe da gefe. Ta rubuta cewa WL 7140 ta tafi hannun wadda ta bi layi, ita da kanta ta buga hatimin, mai neman ƙarin bayani ya tambayi Mama. Ta kashe wayar ta saka a jaka.

Asabar da hantsi tana gidan Mama tana shanya, ta ji tsayuwar mota a waje. Mama ta ɗaga labule.

"Ga su nan," ta ce. "A mota ɗaya."

Haka ne kuwa. Likita ke tuƙi, Yaya Babba na gefensa da kumatu kamar ya ɓoye lemo a baki. A hanya suka shirya, don faɗan da za su yi wa Auta ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Tun daga get Yaya Babba ya fara, da rabin baki, cewa an ci amanar gida, an ɗauki lambar ubansu an ba bare. Likita yana tayawa, yana cewa ko da motar ba ta Baba ba ce, ai hoton nasu ne, kuma ya kamata a yi shawara da manya. Auta ta tsaya da rigar Mama a jiƙe a hannu, ta bar su suka yi mai isarsu. Daɗi ne fal cikinta, don rabon da ta ji suna ƙarasa wa juna magana har ta manta.

Likita ne ya fara lura da tsohuwar motarta da ke fake a tsakar gida.

"Ke kuma mene ne wannan? 318?"

Takardar ofis tana kan kujerar gaba. Auta ta ɗaga ƙofar, ta buɗe, ta ɗauko ta miƙa masa. Ya karanta akwatin a fili, muryarsa tana raguwa yana tafiya: "Keken babana. Mu uku yake ɗauka. Ni yake kaiwa har bakin get."

Mama ta fito ta tsaya a ƙofar falo da ɗan gwangwanin a hannu, ta miƙa wa Yaya Babba. Ya juya shi gaba da baya, ya sa babban yatsa yana goge lambar. Idonsa mai lafiyar ya cika da ruwa, ya ce haƙorin ne.

"A kwanar mai faci muke sauka," in ji Likita a hankali, ba da kowa yake ba.

"Kai ka fara cewa a sauke mu."

"Yaya, kai ne."

"To buɗe bakinka ya gani, tunda dai ka iya buɗe shi don musu," in ji Mama.

A nan tsakar gida, a kan kujerar roba, Yaya Babba ya hangame baki, ƙanensa ya haska da fitilar waya, ya ce gobe da safe a cire shi, kuma ya yi sa'a bai kai wata guda ba. Ya ƙara da cewa akwai rabin bangon banɗaki da ke jiran tayil ruwan toka. Yaya Babba ya ce zai duba sito.

Da suka tashi tafiya, Yaya Babba ya tsaya a bayan motar Auta, ya durƙusa da ƙyar, ya sa hannun rigarsa ya share ƙurar da ta hau sabuwar lambar. Ya daɗe a tsugune. Sannan ya miƙe, ya matso kusa da ita, ya rage murya don kada ƙanensa ya ji.

"Auta, in mutum ya ƙara harafi ɗaya a gaba fa? Kamar A 318. Za a ba shi?"

Ta bayan kafaɗarsa ta hango Likita yana yi mata alama da hannu, wai zai kira ta anjima.

"Ana buɗe taga ƙarfe takwas, Yaya," ta ce. "Ka zo da wuri, layin yana da tsawo."